Ɗan ƙasa da ya tafi ya yi wa 'yan bindigar waje yaƙi, a caje shi da cin amanar ƙasa?

Ɗan'uwa ka tambaya cewa mutum ya ɗauki fasfon ƙasarsa ya tsallaka Siriya ko Iraƙi ya shiga IS, wato ƙungiyar 'yan bindigar nan da ke kiran kanta daular Musulunci, ko wata ƙungiya irinta, in ya dawo ko an kamo shi me zai hana a caje shi da cin amanar ƙasa kawai a wuce wurin, tunda dai ƙasarsa ya juya wa baya. Toh ni aikina lauya ne, kuma ɓangaren manyan laifuka na fi daɗewa a kai, bari in faɗa maka abin da na gani. A gurfanar da shi, wannan kam ba na ja, wallahi duk wanda ya ɗauki bindiga a ƙarƙashin waccan baƙar tutar ya kamata ya tsaya gaban alƙali. Amma cajin cin amanar ƙasa ba shi ne makamin da ya dace ba, in ka cire wani ɗan lungu guda ɗaya da zan zo kansa can gaba.

Abu na farko da ke ruɗa mutane shi ne kalmar kanta. A bakinmu cin amana abu ne na zuciya, ka ci ka sha a gida ka goge baki ka koma kana jifan gidan. A kotu kuwa ba haka take ba, laifi ne mai ƙunci sosai wanda aka yi masa iyaka da gangan, kuma dalilin yin iyakar shi ne sarakunan da sun mayar da shi wuƙar yanka duk wanda ya ɓata musu rai. Dokar da Ingila ke amfani da ita har gobe an yi ta ne a 1351, zamanin Sarki Edward na uku, da tsohon Faransanci ma aka rubuta ta. Abin da ta ce a taƙaice, wanda ya ƙulla kashe sarki, ko ya ɗaura yaƙi da sarki a cikin ƙasarsa, ko ya haɗa kai da abokan gaban sarki yana taimakonsu. Toh kalmar abokan gaba ɗin nan ita ce matsalar, domin tun da can fassarar da aka fi yi mata ita ce wata ƙasa da ake yaƙi da ita, mai gwamnati da sojoji, irin Jamus a yaƙin duniya. IS ƙasa ce? Lauyoyin Birtaniya sun sha musu a kan wannan kuma babu kotun da ta taɓa yanke shi, saboda babu mai gabatar da ƙara da ya yarda ya gwada.

Kuma ba wai ba a yi tunanin ba. A watan Oktoban 2014 ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin, Philip Hammond, ya faɗa a majalisa cewa ana duba yiwuwar tuhumar waɗanda suka yi wa IS mubaya'a da cin amanar ƙasa, jaridu suka ɗauka aka yi ta yayatawa, amma ko mutum ɗaya ba a caja ba. Na ƙarshe da aka kashe da waccan dokar ta 1351 shi ne William Joyce, mai yi wa Hitler farfaganda a rediyo, aka rataye shi a Janairun 1946, shi ɗin ma sai da aka yi ta kai ruwa rana domin a Amurka aka haife shi, fasfon Birtaniyan da ya samu da ƙarya aka riƙe a matsayin hujjar cewa akwai amana a wuyansa. Kafin shi akwai Roger Casement da aka rataye a 1916 saboda ya je Jamus neman taimako don 'yancin Ailan, lauyoyinsa suka ce dokar ba ta shafi abin da aka yi a wajen ƙasa ba, rigimar ta koma kan inda waƙafi ya kamata ya zauna a cikin jimla, har sai da alƙalai suka je suka duba asalin tsohuwar takardar. Kaga irin dokar da ake so a ɗora wa shari'ar yaron da aka ja hankalinsa ta Telegram. Hukuncin kisan da ke cikinta ma an soke shi tun 1998, yanzu ɗaurin rai da rai ne, wanda kuma dokar ta'addancinsu ta 2006 tana ba da shi ga wanda ya shirya aikin ta'addanci. Ke nan ko ka sha wahalar ka yi nasara, hukuncin ɗaya ne.

Amurka ta fi tsanani. Cin amanar ƙasa shi ne laifin da tsarin mulkinsu ya yi wa bayani da kansa, a sashe na 3, kuma ya ce ba za a kama mutum da shi ba sai shaidu biyu sun ga aiki guda ɗaya a fili, ko kuma shi da bakinsa ya amsa a gaban kotu. Yanzu dan Allah ina za ka samo mutum biyu da suka ga wane yana harbi a Rakka, birnin Siriya da IS ta mayar hedikwatarta, ran kaza, kuma su yarda su hau jirgi su zo su rantse? John Walker Lindh da aka kama cikin mayaƙan Taliban a ƙarshen 2001, lokacin da ran Amurkawa ke tafasa, kowa na cewa maci amana ne a rataye shi, gwamnatin Bush ba ta caje shi da cin amana ba, ya amsa laifin yi wa Taliban hidima da ɗaukar abin fashewa aka ba shi shekara 20, ya fito a Mayun 2019. Wanda aka caja da cin amanar shi ne Adam Gadahn, mai magana da yawun Alƙa'ida, a 2006, karo na farko tun shari'o'in da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, kuma bai taɓa shiga kotu ba, jirgi mara matuƙi ne ya kashe shi a 2015. Sauran duk da dokar tallafa wa ƙungiyar ta'adda ake kama su, shekara 20, in an rasa rai kuma rai da rai, ba sai ka kawo shaidu biyu ba.

Toh ashe ciwon ba sunan laifin ba ne, hujja ce. Dubi alƙaluman da gwamnatin Birtaniya ta bayar wajen 2019, kimanin mutum 900 suka tafi, kusan 400 suka dawo, wajen 40 kacal aka iya gurfanarwa. Sauran ba wai an rasa sashen dokar da za a rubuta a takardar tuhuma ba ne, an rasa abin da za a nuna wa alƙali ne. Mutum ya dawo ya ce shi motar asibiti yake tuƙawa, ko girki yake yi, ko aikin agaji ya je yaƙi ya rutsa da shi, wayarsa ya jefar a kan iyakar Turkiyya, abin da jami'an leƙen asiri suka sani kuma ba za su iya kawowa kotu ba don kar su tona wanda ya ba su. In ka sauya sunan cajin ya koma cin amanar ƙasa ba ka ƙara hujja ko ƙwaya ɗaya ba, sai ma ka ƙara wa kanka nauyin da ya fi na da. Ƙasashen da suka gane haka wata hanya suka bi. Ostireliya a 2014 ta yi dokar da ta ce shiga wasu yankuna da aka ayyana ba tare da dalili mai ƙarfi ba laifi ne da kansa, shekara 10, ta ayyana Rakka sannan Mosul, Birtaniya ta kwaikwaya a 2019. Faransa tana amfani da cajin haɗa baki da 'yan ta'adda, wanda shiga ƙungiyar kaɗai ya isa. Kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ya zauna kan lamarin a Satumban 2014, ƙuduri mai lamba 2178, abin da ya umarci ƙasashe shi ne su mayar da tafiyar kanta da ɗaukar nauyinta da ɗibar mayaƙa laifi, bai ce a je a tono dokar cin amana ba. Kuma IS ƙungiya ce mai son rubuce-rubuce, duk wanda ya shigo sai an cika masa fom, suna da ƙasa da aikin da yake so, akwai rajistar albashi, waɗannan takardun su ne zinariyar mai gabatar da ƙara.

Amma abin da ya fi ci min rai a wannan maganar ba wahalar hujja ba ce. Cajin cin amanar ƙasa yana cewa wanda aka zalunta shi ne sarki, ko gwamnati, ko tuta. Alhali wa aka yanka? Mutanen Iraƙi da Siriya, kuma mafi yawansu Musulmi. Matasa kimanin 1,700 da aka kashe a sansanin Speicher kusa da Tikrit a Yunin 2014, ɗaruruwan 'yan ƙabilar Shu'aiɗat a gabashin Siriya, Yazidawan Sinjar da aka kashe mazansu a Agustan 2014 aka sayar da matansu da 'ya'yansu kamar kayan kasuwa. Ɗan Landan ko ɗan Faris da ya je ya sayi yarinya Bayazidiya, in ka tsayar da shi a kotu ka ce laifinsa ya saɓa wa sarki ko gwamnati, ita yarinyar ka share ta daga shari'ar gaba ɗaya, ba ta zama komai ba sai labarin gefe. Dubi yadda Jamus ta yi, ni a wurina wannan shi ne aikin da ya kamata ɗaliban lauya su karanta. Wata Bajamushiya da ta shiga IS da mijinta ɗan Iraƙi suka riƙe wata mata Bayazidiya da 'yarta mai shekara 5 a matsayin bayi a Falluja a 2015, yarinyar ta yi fitsarin kwance, mijin ya ɗaure ta a jikin taga a tsakar rana cikin zafin Iraƙi har ta mutu. Uwar ta rayu, ta zo Jamus ta tsaya ta ba da shaida. Kotun Munik ta ba matar shekara 10 a 2021, daga baya aka ƙara ya koma 14, shi kuma kotun Farankfot a Nuwamban 2021 ta same shi da laifin kisan ƙare dangi ta yi masa rai da rai, hukunci na farko a duniya da ya kira abin da aka yi wa Yazidawa da wannan sunan. Da cin amanar Jamus aka caji matar nan, wa zai ji muryar uwar? Shi mijin ma ai ba za a iya taɓa shi ba tunda ba Bajamushe ba ne, babu amanar Jamus a wuyansa.

Sannan akwai wani abu da su 'yan ƙungiyar ke nema ruwa a jallo, a kira su daula. Shi ya sa suke ƙona fasfo a bidiyo. In ka ce ɗan ƙasarka ya koma wa abokan gaba kamar yadda soja ke komawa wata ƙasa, ka ba su rigar da suke so, ka mayar da ɗan daba mai yanka mutane ya zama sojan wata daula. Ni na fi so takardar tuhuma ta kira shi da abin da yake, makashi, mai fyaɗe, mai cinikin mutane.

Ba zan ɓoye maka hujjar ɗaya ɓangaren ba domin tana da nauyi. A 2018 cibiyar Policy Exchange ta Landan ta fitar da rahoto, cikin marubutan har da 'yan majalisa biyu, Tom Tugendhat da Khalid Mahmood, suna cewa a sabunta dokar ta shafi duk wanda ya taimaki ƙungiyar da ke kai wa ƙasar hari ko da ba gwamnati ba ce. Dalilinsu shi ne juya wa jama'arka baya zalunci ne mai zaman kansa, daban da kisa, ƙasa ta yi maka makaranta ta yi maka asibiti ka je ka haɗa kai da masu shirin tayar da bam a cikinta, doka ya kamata ta samu sunan da za ta kira wannan. Kuma gaskiya ne, zuciyata ma tana jin haka, Bahaushe ai ba abin da ya tsana kamar butulu. Inda na rabu da su shi ne tambayar wa zai riƙe alƙalamin da zai rubuta sunan abokin gaba.

Domin kalmar 'yan bindigar waje ba ta tsayawa wuri ɗaya. Dubban Turawa sun tafi Sifen tsakanin 1936 da 1939 sun yaƙi Janar Franco ba da izinin gwamnatocinsu ba, yau gumakan tunawa ake gina musu. Wasu 'yan Birtaniya sun shiga mayaƙan Kurdawa na YPG sun yaƙi IS, jiragen ƙasarsu na ba ƙungiyar kariya ta sama, Turkiyya kuma na kiran ta 'yar ta'adda, wasunsu da suka dawo 'yan sanda suka tare su. A Fabrairun 2022 ministar harkokin waje Liz Truss ta ce tana goyon bayan duk ɗan Birtaniyan da zai je ya yi yaƙi a Yukren, alhali akwai dokarsu ta 1870 da ta hana shiga sojan wata ƙasa don yaƙar ƙasar da ake zaman lafiya da ita. Babban misali kuwa Siriya ce da kanta, mutumin da Amurka ta sa ladan dala miliyan 10 a kansa, Abu Muhammad al-Jolani, ƙungiyarsa ta kori Assad a Disamban 2024, aka janye ladan, a Janairun 2025 ya zama shugaban ƙasa da sunansa Ahmad al-Shara'a, a watan Mayu ya gaisa da Trump a Riyad. Yanzu wanda ka rataye a 2016 da sunan ya bi abokin gaba fa? Kisan da mutum ya yi ba ya sauyawa in siyasa ta sauya, wanda ya yanka farar hula a 2014 makashi ne har gobe ko wace ƙungiya ya bi. Amma abokin gaba yau ne da gobe.

Mu kuma nan gida ba sai an ba mu labarin yadda wannan cajin ke aiki ba. A Najeriya wa aka fi caja da cin amanar ƙasa ko danginsa? Awolowo a 1963, shekara 10. Abiola a 1994 don ya ce shi ya ci zaɓe, ya rasu a tsare a Yulin 1998. Shehu Musa 'Yar'aduwa da kotun soja ta yanke wa hukunci a 1995 kan zargin juyin mulki, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disamban 1997. Sowore a 2019 saboda kiran zanga-zanga. Wanda ba zan taɓa mantawa ba shi ne ran 1 ga Nuwamban 2024, da aka shigo da yaran nan Babbar Kotun Tarayya a Abuja, yawancinsu 'yan Kano da Kaduna da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wata uku suna tsare, ƙasusuwansu a waje, wasu suka zube a gaban alƙali, cikin tuhumar har da cin amanar ƙasa, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne. Sai da ƙasa ta ɗauki kuka sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. A Nijar ma sojojin da suka kifar da Bazoum a 2023 abin da suka ce za su tuhume shi da shi ke nan, cin amanar ƙasa. Toh in ka zo ka ce a faɗaɗa wannan dokar, a sassauta sharuɗɗanta don a kama 'yan ta'adda, ka sani abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, faɗaɗawar ba za ta tsaya kan ɗan ISWAP, reshen IS na yankinmu, ba, za ta sauka kan ɗan jarida da ɗalibi da yaron da aka miƙa wa tutar da bai san ta wace ƙasa ba ce.

Yanzu ga lungun da na ce zan zo kansa. Dokarmu, sashe na 37 na kundin laifuka na kudu da takwaransa na 410 a dokar tarayya da ke aiki a arewa, ta ce wanda ya ɗaura yaƙi da ƙasa don ya tsorata shugaban ƙasa ko gwamna ya ci amanar ƙasa, hukuncinsa kisa. Ɗan Najeriyan da ya tafi Libiya ko Siriya ya yi yaƙinsa a can bai taɓa juyo da bindiga gida ba, da wuya wannan sashen ya kama shi, dokar ta'addanci ce ke kama shi domin ita tana bin ɗan ƙasa har waje. Amma tun da Shekau ya yi wa Bagadadi, shugaban IS na lokacin, mubaya'a a Maris 2015, muna da 'yan ƙasa da ke yaƙar sojojin ƙasarsu a cikin ƙasarsu da sunan wata ƙungiyar waje, su kama gari su kafa tuta, su afka wa sansanin soja kamar yadda aka yi a Metele a Nuwamban 2018. Wannan ko ta wace fassara ɗaura yaƙi da ƙasa ne, kuma kwamandan da ya jagoranci irin wannan in an sa masa cin amanar ƙasa cikin jerin tuhumarsa ba zan ce an zalunce shi ba. Duk da haka ka lura masu gabatar da ƙara na gwamnati ba sa bin ta nan, Kabiru Sokoto da aka yi wa rai da rai a Disamban 2013 kan ta'addancin da ya haɗa da harin cocin Madalla ba da cin amana aka kama shi ba. Dalilin a fili yake, dokar shaida tamu ita ma tana neman shaidu biyu a kan cin amanar ƙasa in mutum bai amsa ba, kuma kundin laifuka ya ce sai an fara shari'ar cikin shekara 2 da aikata laifin. Wanda ya san yadda mutane ke shekara huɗu biyar a tsare kafin su ga alƙali ya san wannan wa'adin kaɗai ya isa ya kashe kes. Dokar ta'addanci ta 2011, da gyaranta na 2013, da sabuwar ta 2022, ta tanadi zama ɗan ƙungiya da tallafi da kuɗi da ɓoye bayani, kuma inda aka rasa rai tana kaiwa har hukuncin kisa. Babu abin da cin amana zai ba ka wanda ba ta ba ka ba.

Akwai kuma abin da masu kiran a rataye kowa ba sa lissafawa, wato ƙofar dawowa. Wata uwa ta taɓa zuwa ofis ɗina, ɗanta ya fara sauyawa, ya daina cin abincin gidan, yana kiran mahaifinsa da sunan da ba zan maimaita ba, ta ga alamun shirin tafiya. Tambayarta ɗaya ce, Barista in na kai rahotonsa kashe shi za a yi? Amsar wannan tambayar ita ke sa iyaye su yi magana ko su yi shiru, kuma iyaye su ne suke fara gani kafin kowane jami'in tsaro. Ka tuna mahaifin Umar Faruk Abdulmutallab da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a Nuwamban 2009 ya yi gargaɗi kan ɗansa, makonni kafin abin da ya faru a jirgin Detroit. Haka bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021 dubun-dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya a Borno, cikinsu akwai kwamandoji, akwai manoman da aka tsare, akwai matan da aka aura da ƙarfi, akwai yaran da aka sace suna shekara goma aka ba su bindiga. Cajin cin amana bai san wannan bambancin ba, kwano ɗaya yake zuba kowa. Na san zafin da 'yan gudun hijira ke ji in sun ga tubabbu na fitowa daga sansanin Malam Sidi a Gombe ko na Gudumariya a Diffa da sana'a a hannu su kuma suna kwana a tanti, zafin nan gaskiya ne kuma hakkinsu ne, amma maganinsa a tace a fitar da masu jini a hannu a yi musu shari'a ta gaske, ba a toshe hanyar fitowa daga daji ba.

Abin da Turawa da yawa suka zaɓa a ƙarshe ma ya fi cajin cin amanar muni, ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa. Shamima Begum ta bar gabashin Landan a Fabrairun 2015 tana shekara 15, aka gano ta a sansanin al-Hol da ke Siriya a 2019, 'ya'yanta uku duk sun rasu, ministan cikin gida Sajid Javid ya ƙwace mata zama 'yar ƙasa da hujjar tana da haƙƙin zama 'yar Bangaladash, Bangaladash ta ce ba ta san ta ba, ta bi kotuna har 2024 ba ta yi nasara ba. Ban ce ba ta da laifi ba, ina cewa babu kotun da ta taɓa yi mata shari'a kan abin da ta aikata. Wannan zubar da shara ne a ƙofar maƙwabci, ka haifi ɗa ka raine shi ya lalace a hannunka sannan ka bar wa Kurdawa da Iraƙawa da ya riga ya cuta su yi ta gadinsa. A 2019 mutum sama da 70,000 ne a al-Hol, yawanci mata da yara, a Janairun 2022 IS ta kai wa gidan yarin Hasaka a Siriya hari don ta kwashe mutanenta, kuma Bagadadi kansa ai ya yi zaman sansanin Bukka, gidan yarin sojan Amurka a Iraƙi, a 2004. Waɗanda aka miƙa wa Iraƙi kuma ana yi musu shari'ar mintoci, Faransawa 11 aka yanke wa kisa a Bagadaza a 2019. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Ingila su kula da wannan sosai, domin dokar ba ta iya taɓa wanda ba shi da wata ƙasar, mai ƙasa biyu take ci, kuma yaron da aka haifa a can in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne tsarin mulkinmu na ɗaukarsa ɗan ƙasa ko bai taɓa taka Kano ba. A nan tsarin mulkinmu na 1999 ya yi daidai, sashe na 30 bai ba shugaban ƙasa ikon ƙwace zama ɗan ƙasa daga wanda ya same shi ta haihuwa ba. Naka naka ne, ka kawo shi gida ka hukunta shi.

Da fayil ɗin irin wannan mutumin zai zo teburina, zan fara da abin da ya yi wa mutane, kisan wane a gari kaza, sace wance, fyaɗe, ƙona kasuwa, sannan zama ɗan ƙungiya da karɓar horo, cin amanar ƙasa kuma sai in ya juyo da makami kan ƙasarsa, ina da shaidu biyu, wa'adi bai wuce ba, kuma a ƙarshen takarda zan sa shi. Shari'o'in da aka fara a barikin Kainji a Oktoban 2017 sun nuna inda gibinmu yake, an yi wa ɗaruruwa hukunci cikin kwanaki kaɗan, yawanci da ikirarin bakinsu kawai kuma kan zama ɗan ƙungiya ko ƙin kai rahoto, aka sallami ɗaruruwa da babu hujja a kansu bayan sun shekara da shekaru a tsare, waɗanda aka yi wa ɓarnar kuma kusan ba a ji daga bakinsu ba. Matar Gwoza ko ta Baga da ta ga fuskar wanda ya yanka mijinta tana nan da rai, ta san sunansa ta san unguwarsu, abin da take buƙata kuɗin mota zuwa kotu, tafinta mai jin yarenta, da tabbacin cewa in ta koma sansani da daddare ba wanda zai biyo ta.